Hannu Ya Kan Riga Baki Magana

Karatu: Ayyukan Manzanni 21:27 zuwa 22:2, da 19:28-34, Misalai (watau Karin Magana) 6:12-15, Ishaya 58:9. Shugaban ƙungiya ya sa a karanta su duka da murya kafin a shiga darasi.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, wanda ya tsaya daga nesa a zangon Agege yana kallon masu ciniki, za ya gane abin da ke gudana ko da kalma ɗaya ba ta kai kunnensa ba. Ga Bayarabiya ta sauke kwandon goro, ga Bahaushe ya tsuguna yana juya goron ɗaya ɗaya. Ya ɗaga yatsa uku. Ta girgiza kai, ta kife tafin hannunta bisa kwandon, watau albarka ke nan. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya yi taki biyar kamar mai tafiya, sai ta yafato shi. Hausarta ba ta taka kara ta karya ba, Yarabancinsa ma haka, amma kafin rana ta take ciniki ya faɗa. Haka a ke yi a wannan wuri tun zamanin kakanni. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Ikko, watau Legas, ta kai Badun a 1901, ta kai Kano a 1911, ita ce ta ƙarfafa fataken goro suka yi zango a Agege. Daga baya shanu suka biyo, har ga kwata a Oko-Oba. Mutanen da ba su jin harshen juna suka zama maƙwabta fiye da shekara ɗari, hannu kuwa shi ne tafintansu na fari.

Ku da ke sujada da Hausa a Ikko baƙi ne sau biyu. Kun fito daga Filato, da kudancin Kaduna, da Bauci, da Gwambe, da Adamawa, da Barno, da yawa a cikinku Hausa ba ita ce kuka tsotsa a nono ba. A wurin Bayarabe ku 'yan Arewa ne, ya kan kira ku aboki, ba kullum da nufin abota ba. A wurin Bahaushen zango kuwa ku ne masu jin harshensa amma ba ku bin addininsa. Ni mai rubuta wannan baƙo ne sau uku. Duk wanda ke zaune haka, a kan ga hannunsa kafin a ji bakinsa, sau da yawa ma hannun kaɗai a ke ji.

Abin da ya sa na ɗauki wannan zance, wani saurayi ne mai koyon wa'azi ya zo mini da damuwa. Ya ce wani dattijon ikilisiya ya ja shi gefe bayan sujada, ya ce masa, "Ɗana, maganarka ta yi kyau, amma hannuwanka sun yi yawa. Mai natsuwa ba ya yarfa hannu kamar ɗan kamasho a tasha." Saurayin ya ce ya gwada sa hannuwansa a baya, sai maganar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya tambaye ni ko zunubi ne. Na ce masa ba zunubi ba ne, amma dattijon ma bai yi kuskure ɗungum ba, mu je mu ga abin da Littafi ya nuna.

Da fari sai mu yarda cewa wannan hali cikin halittarmu ya ke. Kowa ya taɓa ganin mutum da waya a kunne yana kwatanta hanya da ɗaya hannun, alhali wanda ya ke yi wa kwatancen yana Zariya. A 1998 wasu mata biyu masana a Amurka, Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow, suka bayyana abin da suka gani game da yaran da aka haifa makafi: su ma suna motsa hannu sa'ad da su ke magana, ko da shi ke ba su taɓa ganin wani ya yi ba, har ma idan sun san mai sauraronsu makaho ne. Ashe ba kwaikwayo ba ne kaɗai. Tunani ne ke neman hanyar fita ta ƙofa biyu. Mutanen dā sun san ƙarfin wannan. Kwintiliyan, malamin balaga a Roma, wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Almasihu ya rubuta littafi kan horon mai jawabi, a ciki ya daɗe yana bayanin yadda za a lanƙwasa yatsu, da iyakar inda hannu ya kamata ya kai sama ko ƙasa. Cikin irin wannan duniya manzo Bulus ya yi wa'azinsa.

Akwai wata kalma ta Helenanci, kataseyo, wadda ta fito sau huɗu tak cikin Sabon Alkawari, dukansu kuwa cikin Ayyukan Manzanni: 12:17, da 13:16, da 19:33, da 21:40. Ma'anarta ita ce a kaɗa hannu zuwa ƙasa domin a nemi jama'a su yi shiru. Ta kan ba mai juyi wahala, gama Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita. In mun ce ya yafato su, sai a ɗauka kiransu ya yi su matso. In mun ce ya ɗaga musu hannu, wani za ya ji gaisuwa, wani kuwa za ya ji barazanar mari. In mun ce ya yi jinjina, to, mun mai da jama'ar sarakai. Dole mai juyi ya ƙara kalmomi, ya faɗi alamar ya kuma faɗi nufinta. Idan a ƙungiyarku akwai mai tsohon juyi na 1932, da mai na 1979, ku jera su ku ga yadda kowanne ya fita daga wannan matsi.

A 12:17 Bitrus ne, da tsakar dare, ya fito daga kurkukun Hirudus ya isa gidan Maryamu uwar Yohanna Markus. Baranya Roda ta bar shi a waje don murna. Da aka buɗe ƙofa kowa ya ɗauki surutu, shi kuwa bai ɗaga murya ya tsawata musu ba, gama ƙara ɗaya ta isa ta jawo masu nemansa. Hannu ya yi abin da baki ba ya iya yi ba tare da hatsari ba. A 13:16 Bulus ne cikin majami'a a Antakiya ta Bisidiya, ya miƙe tsaye ya yi alamar kafin ya fara. Ku tuna Ubangijinmu a majami'ar Nazarat zama ya yi ya koyar (Luka 4:20). Kowane wuri da al'adarsa, Littafi bai kafa doka kan tsayuwa ko zama ba, balle kan inda mai wa'azi za ya ajiye hannu.

Amma bari mu daɗe a kan 21:40, gama nan ne zuciyar darasi. Wajen shekara ta 57 ce, a Urushalima. An yi wa Bulus ƙazafi cewa ya shigar da Baheleni cikin haikali. Gari ya ruɗe, aka ja shi waje, aka rufe ƙofofi, ana dukansa da niyyar kisa. Shugaban sojan Roma ya sauko da gudu daga kagarar Antoniya, wadda ke manne da harabar haikali, ya ƙwace shi, ya sa aka ɗaure shi da sarƙa biyu. Da aka iso matakala, saboda tunkuɗar jama'a sai da sojoji suka ɗauke shi cak. Ku dubi mutumin nan: jikinsa duk tsami, rigarsa watakila a yage, ƙarfe a wuyan hannu, a ƙasa kuwa ga dubban mutane suna neman ransa. Ya roƙi izini da Helenanci, cikin ladabi, har shugaban sojan ya yi mamaki, domin ya zaci shi ne wani Bamasare da ya tada tawaye da mutum dubu huɗu. Aka ba shi izini. Ya juyo ya fuskanci masu dukansa, ya kaɗa musu hannu. Wuri ya yi tsit.

Me suka gani cikin hannun nan? Luka bai faɗa ba, ko da shi ke a cikin 21:17 ya nuna yana cikin ayarin da ya iso Urushalima tare da Bulus, saboda haka ina tsammani da idonsa ya gani, ko kuwa daga bakin wanda ya gani ya ji. Amma muna iya sanin abin da ba su gani ba. Ba su ga dunƙulallen hannu ba. Ba su ga yatsa mai nuna wannan da wancan ba, alhali Bulus ya san fuskokin waɗansu da suka fara ƙazafin. Ba su ga hannu yana rawa don tsoro ba. Da ya buɗe baki kuwa, ya yi musu magana da harshensu na gida, ya kira su 'yan'uwa da ubanni, sai shirun ya ƙaru (22:1-2). Hannun da bakin abu ɗaya suka faɗa. Wanda aka yi wa jina-jina minti kaɗan da suka wuce ba ya iya ƙirƙiro irin wannan natsuwa nan take. Tana nan cikin zuciyarsa tuntuni, duka bai fitar da ita ba.

A nan shugaba ya dakata ya tambayi ƙungiya: sa'ad da aka zage ka a bakin titi, ko fasinja ya hana ka kuɗinka, ko uwar gida ta yi miki ƙazafin sata, me hannunka, me hannunki, ya kan fara yi kafin baki ya buɗe? Kowa ya amsa don kansa, kada a amsa wa wani.

Kada kuwa mu ɗauka alamar tana da wani asiri a cikinta. Shirun da Bulus ya samu bai daɗe ba. Da ya ambaci aikensa zuwa ga al'ummai, sai suka tashi da ihu, suna jefar da riguna, suna watsa ƙura sama (22:21-23), su ma da hannu su ke magana. Sa'an nan ga Iskandari a Afisa, cikin sura 19. Maƙeran azurfa sun tada gari saboda cinikin gumakansu ya ja baya, jama'a suka cika gidan wasa, wanda har yau kangonsa yana nan a ƙasar Turkiyya, ya kan ɗauki mutum fiye da dubu ashirin. Yahudawa suka tura Iskandari gaba. Ya kaɗa hannu, kalmar nan ɗaya ce Luka ya yi amfani da ita. Amma da aka gane Bayahude ne, aka yi ta ihu wajen sa'a biyu, bai sami faɗin ko kalma ɗaya ba. Ba a duba hannunsa ba, asalinsa aka duba. Wannan aya ba ta bukatar dogon sharhi a Agege. Akwai ranar da za ka yi duk abin da ya kamata, ka buɗe tafin hannu, ka sassauta murya, amma a ce ai aboki ne, a ƙi saurara. Ran nan ba laifinka ba ne, kada kuma ka ce tun da buɗaɗɗen hannu bai yi amfani ba bari in dunƙule shi.

Yanzu ga gefen da dattijon nan ya ke da gaskiya. Misalai 6:12-15 ya zana mana mutumin banza, abin lura kuwa shi ne rabin muguntarsa ba da baki ya ke yinta ba. Ido yana ƙiftawa, ƙafa tana shuri, yatsa yana nuni. Irin wannan mutum in aka kama shi sai ya ce, "Me na ce? Wa ya ji na ce wani abu?" Gaskiya ne bai ce kome ba, amma ya riga ya gama da mutuncin ɗan'uwansa. Mun san wannan sana'a sarai, har muna da sunayen kayan aikinta: zunɗe, da harara, da taɓe baki, da zungurin maƙwabci da gwiwar hannu sa'ad da wance ta shigo sujada. Annabi Ishaya kuwa, cikin 58:9, ya jera nuna yatsa tare da ɗora wa mutane karkiya da mugun zance, ya ce sai an kawar da su kafin Ubangiji ya amsa kira. Ku lura da mutanen da ya ke yi wa magana: masu azumi ne, masu yawan addu'a. Mai wa'azin da ya tsaya a bagade yana soka yatsa wajen bencin da wani mai laifi ke zaune, ko bai ambaci suna ba, ya karanta wannan aya da rawar jiki.

Akwai kuma alamar da ba na son in daɗe a kanta, watau daƙuwa. Abin baƙin ciki, tana cikin kayan da Hausa ta ba Ikko aro. Direban da bai san ko sannu da Hausa ba ya san ya watsa yatsu biyar ta taga ya ce waka, kalmar kuwa daga zagin uwa na Hausa ta fito. Ba na cewa daƙuwa ce ta tada rikicin Idi-Araba a watan Fabrairu na 2002, ko na kasuwar Mil 12 a watan Maris na 2016, inda aka yi hasarar rayuka da dukiya tsakanin 'yan Arewa da Yarabawa. Amma waɗanda suka ga irin waɗannan ranaku sun san daga ƙaramar cacar baki su kan fara, tsakanin mutum biyu, a gaban taron da rabinsa ba ya jin abin da a ke faɗa, idonsa kaɗai ke aiki. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. A garin da harsuna suka yi yawa, hannu ma yana yanka.

Bari in faɗi nawa laifin, kada a ce baƙo ya zo yana koya wa masu gida. A shekarata ta fari ina wa'azi da Hausa, na ɗauki labarin gurasa biyar da kifi biyu. Don in ƙarfafa ƙanƙantar abincin, na miƙa hannu wajen jama'a, na ware yatsuna biyar, na tura su gaba, har sau uku ina cewa biyar kaɗai. Na ga mata sun sunkuyar da kai, yara suna toshe baki, na zaci maganar ce ta ratsa su. Bayan an tashi wani tsoho ya kama hannuna, wannan hannun dai, ya harhaɗa yatsun wuri ɗaya a hankali, ya ce, "Malam, in za ka ce biyar, haka za ka yi. Wancan da ka yi, ka zagi iyayenmu mata duka, har da na Fasto." Ya yi dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Zuciyata ba ta nufi mugunta ba, amma rashin sani bai hana alamar faɗin abin da ta saba faɗa ba. Tun ran nan na gane mai juyi bai gama koyon harshe ba sai ya koyi na hannu. Ku ma haka a tsakanin Yarabawa. Ku tambayi maƙwabtanku abin da ke ɓata musu rai. Suna da karin magana mai zafi a kan wanda ya nuna gidan ubansa da hannun hagu, su kan ce ba ɗan halal ba ne.

Kafin mu rufe, kada mu manta da waɗanda hannu ne bakinsu ɗungum. Zakariya uban Yohanna Mai Baftisma ya fito daga haikali ba ya iya magana, sai alamu ya ke yi (Luka 1:22). A ranar suna kuma dangi da alamu suka tambaye shi (1:62), abin da ya sa masana da yawa ke ganin har ji ma ba ya yi. Wata tara firist na Allah ya yi cikin wannan hali, bai kuwa fita daga cikin shirin Allah ba. Kurame a Kano suna da harshensu cikakke wanda a ke kira maganar hannu, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi a kansa a shekara ta 2000. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe wa kurame makaranta a Gana a 1957, ya buɗe wata a Badun a 1960, domin su ma su sami karatu da bishara. Ikilisiyar da ke ganin motsa hannu rashin natsuwa ne kawai, ta tambayi kanta kurame nawa ke cikin unguwarta, nawa ne kuma suka taɓa shiga ƙofarta.

Akwai wata magana ta biyu cikin Helenanci, mai sauƙin juyawa, watau miƙa hannu. Da ita aka faɗi yadda Yesu ya taɓa kuturu (Markus 1:41), da yadda ya kama Bitrus yana nutsewa (Matiyu 14:31), da yadda ya nuna almajiransa ya kira su uwarsa da 'yan'uwansa (Matiyu 12:49). A wannan ta ƙarshe nuni ne ya yi, amma da dukan hannu, domin ya shigar da mutane cikin dangi. Da wannan magana ɗaya kuma Matiyu ya faɗi yadda wani almajiri a Jatsaimani ya kai hannu ya zaro takobi (26:51), Ubangiji kuwa ya ce a mai da shi kube. Na nuna wa saurayin nan waɗannan ayoyi huɗu, na ce ya saki hannuwansa daga baya, amma ya roƙi dattijon ya zauna a benci na gaba wata Lahadi, ya lura, ya gaya masa wane motsi ne ya taimaki maganar, wanne ne kuma don a gan shi kawai ya yi.

Wuri na ƙarshe da Luka ya nuna mana Bulus yana magana da hannu shi ne Ayyukan Manzanni 26:1, a Kaisariya, bayan ya shekara biyu a tsare. Ga gwamna Fistus, ga sarki Agaribas da Barniki cikin ado, ga manyan soja da manyan gari. Aka ba ɗaurarre izini, ya miƙa hannu ya fara. Da ya kusa gamawa ya yi musu fata su zama kamarsa, dukansu, sai dai ban da sarƙoƙin da ke jikinsa (26:29). Ina tsammani da ya faɗi haka ya ɗaga su, har aka ji ƙarar ƙarfen cikin zauren. Sarki ya tashi, gwamna ya tashi, suka koma gefe suna ce wa juna mutumin nan bai yi abin da ya isa kisa ko ɗauri ba.